Wandon Salansa

Tun ranar da salansar moto, wato babur, ta ƙona ƙafar 'yarsa Rukaiya, Ila bai sake samun natsuwa ba. Yarinya 'yar shekara bakwai, ya sauke ta a ƙofar lakwal, makarantarsu ta boko, ta zamo ta wajen dama maimakon hagu, sharaɓarta ta manne da ƙarfen. Ba ta yi kuka nan take ba, sai da ta ga fatar ta saɓule. Sati uku ana kai ta wankin ciwo asibitin Ollelewa, kuma duk sanda aka kwance bandeji Ila ne ke kau da kai, ba ita ba.

Dabarar a kasuwar Gangara ta zo masa. Yana tsaye sai ga wani Buzu ya sauke jarkar ruwa wadda aka ɗinke da buhun algarara. Ya ba Ila ya kurɓa, ruwa sanyi ƙalau kamar daga randa, ga rana tana dukan ƙeya. Ila ya ce a ransa, abin da ya sanyaya jarka ai zai sanyaya ƙarfe. Da ya koma gida ya yanka tsohon buhu, ya naɗe salansar tun daga ƙarƙashin mataki har bakinta, ya bi da waya ya ɗaure zagaye-zagaye, ya murɗe bakin wayar ya lanƙwasa shi ciki kamar ƙugiya don kada ya kama zanen yarinya. Kullum da safe kafin su tafi sai ya ɗauki buta ya jiƙa buhun sharkaf.

Dodo ne ya fara gani, a bakin rijiya. Dodo Bafulatani ne, dattijo, shekara da shekaru yana sauka da shanunsa bayan rijiyar garin idan an gama girbi. Kakannin Ila kuwa Barebari ne, don haka ba sa haɗuwa a rabu lafiya.

"Kai, bawana," in ji Dodo, ya dogara da sandarsa, "jakin naka kaciya aka yi masa, ko wando ka ɗinka masa?"

"Wando ne. In ka yi haƙuri kai ma zan ɗinka maka, ka huta da wannan tsumman."

Dodo ya tsuguna ya duba aikin, ya taɓa ƙugiyar wayar da ɗan yatsa. "Babarbare da dabara. Allah ya sa kada ta yi maka yawa."

Aka yi kusan wata guda ba abin da ya faru. Ran wata Laraba Ila ya sauke Rukaiya, ya wuce wani ƙauye gaisuwar mutuwa, bai juyo ba sai da rana ta take. Don ya rage hanya ya yanko ta cikin makiyaya, inda ƙarangiya ta bushe ta kai gwiwa. Ya wuce aduwar da Dodo ke dafa shayi a gindinta, ya tarar ba kowa. Yana isa gida, bai gama jingine moton a bayan rumbu ba ya ji ana kururuwa daga arewa. Hayaƙi ya riga ya tokare sama.

Maza da mata aka fita da rassan ganye da jiƙaƙƙun buhuna. Ila yana gaba-gaba, har gashin hannunsa ya babbake. Ba a ci ƙarfin wutar ba sai bayan la'asar. Ta cinye ciyawa tun daga rijiya har gindin tudu, abincin dabbobin gari na rani gaba ɗaya, ta haɗa da dammunan hatsin Malam Hamza da bai kwaso daga gona ba. Kafin magariba magana ta zama ɗaya a bakin kowa: daga wajen aduwa ta taso, wutar shayin Dodo ce. Ila ma da bakinsa ya ce, "Tsufa ya fara taɓa shi."

Da gari ya waye ya ɗauki buta kamar kullum, ya zagaya bayan rumbu, ya sunkuya zai zuba ruwa. Ruwan ya sauka a kan ƙarfe tsirara.

Babu buhu, babu waya. Sai wani baƙin dabbare kamar ƙanzo a jikin salansar, da zare biyu-uku ƙonannu da suka maƙale a gindin ƙusa. Ya kai hannu ya taɓa, suka marmashe. Butar ta ci gaba da tsiyaya a kan ƙafarsa bai sani ba. Jiya da safe ya jiƙa. Tun safe. Ya yi tafiyar rabin yini a rana bai ƙara ko ɗigo ba, kuma yanzu ya tuna da wani ƙauri da ya ji a cikin makiyaya, ya ɗauka daga gonaki yake.

Lantana, matarsa, ta leƙo ta same shi a tsugune. Ta dubi ƙarfen, ta dube shi, ta dafe bango.

"Malam, wa ya gani?"

"Ba kowa."

"Mai gari ya aika Tanut. An ce ma'aikatan gandun daji da jandarmomi za su zo su tafi da Dodo, shanunsa kuma a kore su daga rijiya." Ta yi ƙasa da murya. "In kai suka ɗauka, ni da yaran nan fa?"

Rukaiya ta fito da jakar lakwal, tabon ƙafarta yana sheƙi. Ta tsaya.

"Baba, ina wandon moto?"

Bai kai ta lakwal ba ranar. Ya tura moton da hannu, zuciyarsa ba ta bar shi ya tayar da shi ba, har ƙofar gidan mai gari Mukhtar, ya jingine shi nesa kaɗan. Jama'a ta cika rumfar mai gari. Dodo yana zaune a tsakiya a kan ƙasa, an karɓe sandarsa, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Malam Hamza yana tsaye yana magana.

"Na ce na kashe wutata da ƙasa kafin in tashi," in ji Dodo a hankali. "Shekara talatin haka nake yi."

"To aljani ne ya kunna?" wani ya jefo daga baya.

Mai gari ya ɗaga wani abu daga kan tabarma. "Wannan fa? A mafarin wutar aka tsince shi, taku kaɗan daga inda kake zama. Wasu sun ce abin ɗora tukunyar shayinka ne. Naka ne?"

Waya ce baƙa ƙirin, a naɗe zagaye-zagaye, tsawon kamu biyu, bakinta a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ila ya gane ta nan take.

Dodo ya karɓa. Ya juya ta, ya taɓa ƙugiyar da ɗan yatsa, daidai yadda ya taɓa ta a bakin rijiya. Ya ɗago ido, ya bi taron da kallo har ya faɗo kan Ila. Bai daɗe a kansa ba. Ya mayar wa mai gari.

"Ba tawa ba ce."

"Ka san mai ita?"

Dodo ya dubi ƙasa. "Ranka ya daɗe, waya ai duk kamarta ɗaya."

Wannan ya fi ƙarfen tsirara girgiza Ila. Tsohon ya gane. Ya gane, ga motar jandarmomi a hanya, ga shanunsa za su rasa ruwa, ya haɗiye sunan.

Bai san sanda ya ratsa mutane ba. Ya durƙusa gaban mai gari ya miƙa hannu biyu, aka ba shi wayar ana kallonsa. Ya je ya turo moton har bakin rumfa, ya tsuguna, ya zura ta a bakin salansa. Ta shige sumul, ta zauna a kan baƙin dabbaren, zagaye bisa zagaye.

Malam Hamza ya nemi wuri ya zauna.

"Buhu na naɗa," in ji Ila. "Saboda ƙafar yarinya. Jiya ya bushe ban jiƙa ba. Ni na bi ta wajen aduwa da azahar."

"Ila," mai gari ya ce, "kai da ka fi kowa shiga wutar nan jiya?"

"Ban sani ba sai yau da safe, ranka ya daɗe."

Mai gari ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce a mayar wa Dodo sandarsa. Ya ce wa Ila ya zauna nan, in mutanen Tanut sun iso shi zai fara yi musu bayani da kansa, abin da ya biyo baya kuma sai yadda Allah ya yi.

Ila ya zauna a wurin da Dodo ya tashi, ƙasar da sauran ɗumi. Dodo bai tafi ba. Ya kakkaɓe rigarsa, ya zagayo ya tsuguna a gefensa, ya kafa sandar a tsakaninsu.

"Me ya hana ka faɗa?" Ila ya tambaya, bai iya kallonsa ba.

"Ubangida ba ya kai ƙarar bawansa," in ji Dodo. "Wa zai ɗauko yarinyar daga lakwal in sun tafi da kai?"

"Yau ba ta je ba."

"Gobe fa? Ina da jaki. Nawa ba ya sa wando."

Can wajen hanyar Tanut aka fara jin ƙugin mota.