Layin Safe

Mai zane ba ya fara aiki sai ya ja layi. Kowace safiya yakan tsoma buroshi a baƙin fenti, ya ja layi ɗaya daga saman wani tsohon katako zuwa ƙasa, babu ruwansa da abin awo. In layin ya miƙe, hannu ya farka ke nan, sai ya fuskanci allunan shaguna da hotunan bango.

To, bana layin ya fara karkarwa. Duk wanda ya lura, amsarsa ɗaya ce: "Gajiya ce." Ya riƙe kalmar nan gam, har aiki ya ƙara wa kansa, don dai kada gajiyar ta ƙare a ga abin da ke ƙarƙashinta. Tsoho da taurin kai, sai addu'a.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwar Faɗa, ita ta yi maganinsa. Ta zo da sassafe ta zare makullin shagon daga aljihun rigarsa.

"Baba, tunda gajiya ce, maganinta na kan katifa. Yau ko ƙusa ba za ka ɗaga ba."

"Ke, ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

"Gobe ma yi wannan shari'ar."

Ya huta kuwa, hutu na gaske. Ya yi barci har rana ta shigo tsakar gida. Ya kankare fentin da ya maƙale a farcensa, ya fita yawo a unguwa. Tela maƙwabcin shagonsa ya leƙo yana cewa, "Lafiya? Ko fenti ya ƙare a duniya?" Ya yi murmushin yaƙe ya wuce. A bakin titi ya tsaya gaban allon wani kanti da ya rubuta tun yana da baƙin gashi. Kalar ta koɗe, amma haruffan na nan tsaye cak.

Kafin yamma bayansa ya daina ciwo, idonsa ya washe, jiki ya yi sakayau. Wannan ne fa ya tsorata shi. Da hagu ya sha shayi, hannun dama na cikin aljihu, ya ƙi yarda ya dube shi. Tsoro yake ji ƙwarai, don gobe ba shi da sauran inda zai laɓe.

Washegari Uwar Faɗa ta rako shi, ta buɗe shagon da kanta. Warin fenti ya tarbe su. Ya jingina katakon da bango, ya tsoma buroshi, ya ja numfashi, ya ja layi.

Layin ya sauko a karkace kamar sawun tsutsa. Ya sake jan wani kusa da shi. Duk kanwar ja ce.

Ƙarar keken tela na tashi ta bayan bango. Uwar Faɗa ta dubi layukan biyu. Can ta matso kusa da shi.

"Baba, gajiya ce. Kwana ɗaya ai bai isa ba."

Ya dube ta, tausayinta ya kama shi, jin ta ari ƙaryarsa tana miƙo masa.

"A'a, 'yata," in ji shi. "Na huta. Ban taɓa hutawa irin jiya ba."

Ya wanke buroshin tas, ya goge shi da tsumma, ya ajiye cikin 'yan'uwansa. Da ta miƙo masa makullin, ya riga ya mayar da hannun dama aljihu, bai fito da shi ya karɓa ba.