Ƙusar Uwani da Kaskon Madam

Uwani ta karce kaskon Madam da ƙusa. Layi uku ta ja a tsakiyarsa, ranar Juma'ar da na tafi Ringim jana'izar yayana.

Ni ne kukun gidan, Mamman. Shekara talatin da ɗaya ina dafa wa Madam Elisabatu abinci a Nassarawa GRA, tun tana shugabar makaranta maigidanta na raye, har ta yi ritaya ta zauna ita kaɗai. Uwani mai shara da wanke-wanke ce, daga Giginyu take zuwa kowace safiya. 'Ya'yanta huɗu. Mijinta ba shi da aiki tun da aka rufe kamfaninsu a Dakata.

Kaskon ni na zaɓo shi. Shekara shida da suka wuce Beatrice, 'yar Madam da ke aiki a Abuja, ta sayo sabon obin na gasa abinci. Ta kai ni babban kanti in zaɓi kaskon da za a fara suya da shi a kan wuta, a tura shi cikin obin ba sai an juye ba. Mai sayarwa ta miƙo min wani ja mai sheƙi. Na ƙwanƙwasa mariƙinsa da farce. Roba ce. Na ajiye.

"Baba, wannan ake yayi," in ji mai sayarwar.

"A obin zai narke. Kawo wancan."

Wancan ba shi da kyan gani. Mariƙinsa ƙarfe ne, gindinsa mai kauri, cikinsa da baƙin shafen nan da ke hana abinci kamawa, wanda yara ke kira nonsitik. Ba na karanta Turanci, amma na san zanen obin idan na gan shi a gindin kasko. Na nuna wa Beatrice lambar da ke gefen zanen, ta ce ta wuce zafin da nake gasa kifi. Muka ɗauko.

Shekara shida ƙarfe bai taɓa cikinsa ba. Da cokalin katako nake juya abinci. Ba na ɗora shi a wuta babu komai a ciki. Ba na zuba masa ruwa sai ya huce. Da soso mai laushi nake wanke shi, in goge, in shimfiɗa tsumma a ciki kafin in ajiye. Kowace Lahadi idan Madam ta dawo daga coci, a cikinsa nake yi mata ƙwai da dankali, in ƙarasa a obin. Ƙwan yana zamewa kan faranti ko ɓurɓushi bai rage ba.

Abu ɗaya na taɓa gaya wa Uwani game da shi: "Kar ki taɓa." Ban ƙara ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ina Ringim matan zumunta na cocin Madam suka yi taro. Kowa ya ba da aron tukwane. Madam ta ce a kwashe na kicin duka, Mustafa direba ya kai, har da kaskon.

Ran Litinin na dawo. Uwani ta yi min gaisuwa, sannan ta ja ni kicin tana murmushi.

"Baba, duba. Ko murfi bai ɓace ba. Gidan Madam Amanda tukunya biyu suke nema har yanzu."

Ta kife tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Kowace da layi uku a gindi. Haka ake yi a unguwarsu idan za a ba da aron kayan biki, haka uwata ma take yi. Sai ta ɗauko kaskon.

"Shi gindinsa ya ƙi karɓar ƙusa, sai na yi masa a ciki. Nan da laushi."

Na karɓa. Na kai bakin taga. Layi uku, farin ƙarfe yana leƙowa ta cikinsu. Na juya shi cikin haske. Murmushinta ya tafi.

"Baba, na yi ɓarna?"

"Kin kashe shi."

Ta zauna a ƙasa. Ni da ita mun san abin da ke tafe. Da Sallar da ta wuce ta fasa babban filas, Beatrice ta ce a gabanmu duka, in ta sake lalata wani abu ta tafi.

"Zan je in gaya wa Madam," in ji ta.

"Zauna."

"Baba, ni na yi."

"Na ce zauna. Wa ya gaya miki cikinsa ba ya son ƙarfe?"

"Ba kowa."

"To."

Wanda ya koya min aiki, Kuku Baffa, mutumin Kazaure ne. Bai taɓa kai ƙarar wanda ke ƙarƙashinsa falo ba. In abu ya fashe a kicin, shi yake cire hula ya shiga. In ya fito sai ya ci mutuncinmu da kansa. Ya ce kicin na kuku ne, da daɗinsa da ɓarnarsa. A nan na tashi.

Satin nan na yi abin da ya kamata in yi tun shekara shida. Akwai ƙaramar tukunyar madara mai irin wannan shafen. Na ba Uwani ita a hannu. Na nuna mata soson da ake sa mata da wanda ba a sawa. Na sa ta jira ta huce kafin ta kai famfo. Na ce in za a ba da aro, a ɗiga fenti a mariƙi.

"Da ka faɗa min tun da, Baba."

"Wanke."

Zan iya ci gaba da suya a kaskon, ba wanda zai sani. Madam ba ta shiga kicin. Amma na gwada da farce, bakin layin ya fara ɗagowa. Daga nan baƙi-baƙi zai riƙa bin ƙwai. Ban taɓa kai wa Madam abin da ni ba zan ci ba. Na naɗe shi a tsumma na ɗora kan kabad, na sauko da tsohon kaskon baƙin ƙarfe.

Ran Asabar Beatrice ta iso. Ran Lahadi na kai musu ƙwai da dankali. Beatrice ta ci loma biyu ta ɗaga gefen ƙwan da cokali mai yatsu.

"Baba Mamman, yau ƙwanka ya kama."

"Ya kama."

"Kai? Tun ina firamare ban ga haka ba. Ina kaskonmu?"

Na je na ɗauko. Na kwance tsumman na ajiye shi a kan tebur. Ta shafa layukan da yatsa. Madam ta sa tabarau ta duba.

"Wannan ba tsautsayi ba ne, da gangan aka ja," in ji Beatrice. "Wa ya yi?"

"A kicina ya lalace. Ni za a tambaya."

"Kana Ringim, Mama ta gaya min. Kai da ko kallonsa ba ka bari a yi." Ta ture farantin. "Hannu uku ya bi. Mustafa, matan coci, Uwani. Matan coci ne?"

Ƙofa ce ta buɗe min. In na ce su ne, magana ta mutu, ba wanda zai je ya tuhumi matan zumunta kan kasko. Amma ban taɓa yin ƙarya a falon nan ba, ba kuma zan ɗora wa bayin Allah abin da ba su yi ba.

"Ban ce su ne ba."

"To Uwani ce."

"Ban ce ita ce ba."

"Baba Mamman, ba wasa nake ba. Mama ta tsufa, ni ina Abuja. Ba zan bar mata mai lalata kaya a gida ba. Yau kasko, gobe gas."

Ta bayan ƙofar kicin na ji ruwan famfo ya tsaya. Uwani tana saurare.

"Ki cire ni, in cirewa za ki yi," na ce. "Ni na ajiye kaya ban koyar da yadda ake riƙe shi ba."

"Haba, wa ke maganar cire ka?"

"Ke kike maganar cire mutum."

Madam ta cire tabarau. "Beatrice, ƙyale shi. Mahaifinki ma bai taɓa cin galaba a kansa ba."

"A'a, Mama. Gidanki ne, dole a san abin da ke faruwa a ciki." Ta juyo gare ni, ta sassauta murya kamar lokacin da take roƙona ƙosai tana ƙarama. "Baba, gobe mu koma kanti ka zaɓi wani, wanda ya fi wannan. Suna kawai nake so. Ka san wanda ya yi?"

"Na sani."

"To faɗa min."

Na ɗauki kaskon na mayar da shi cikin tsummansa.

"Ba zan faɗa ba."