Ba Kowa

Kwamfuta ɗaya ce a ofishin ƙungiyar dillalan shanu ta Zongo, mutum biyar ke aiki da ita, kuma a cikinsu babu wanda ya yarda da ɗan'uwansa. Shi ya sa aka kira Sagiru, mai gyaran kwamfuta, ya gina mata katangu. Ya ware wa kowa ɗakinsa da mabuɗinsa: shugaba, magatakarda, ma'aji, mai kula da motoci, sai Abdoul, shugaban masu gadin kara. Kowane dosiye, wato fayil, yana da izini kashi uku, na karantawa, na canzawa, na gogewa. Wanda ba a ba shi ba, ko sunan dosiyen ba zai gani ba. Sagiru yana alfahari da wannan aiki. Yakan ce na'ura ta fi mutanen unguwa riƙon amana, tunda ita ba ta da suruki.

Haifaffen Lome ne, jikan Sakkwatawa, da Faransanci ya yi karatu. Hausarsa ta baki ce da kunne. A rubuce kuwa, lallaɓa ta yake yi kamar mai tsallake kwata da sabon takalmi.

Wata biyu kafin ranar da abin ya faru, an tsinci gawar wani makiyayi a bayan kara, an farke masa ciki, shanunsa tara sun yi ƙafa. Kowa ya yi zargi, ba wanda ya buɗe baki, sai Tasi'u mahauci, maƙwabcin su Sagiru, dattijon da ya yanka ragon sunansa. Ya je wurin shugaba, Alhaji Moumouni, ya faɗi abin da ya gani da sunan wanda ya riƙe wuƙar, Alhaji ya ɗauki muryarsa a waya. Sagiru ne ya zuba muryar a ɗakin Alhaji cikin kwamfuta, ya kulle. Tun daga lokacin Alhaji ke rantsuwa cewa wata rana sai ya baje maganar nan a gaban jama'a, kowa ya ji da kunnensa.

Ranar Talata da la'asar Sagiru yana sabunta na'urar, sai ya tura wa Alhaji saƙo: dosiyen shaidar nan, wa za a ba izini? Alhaji mutum ne mai aika murya, amma ranar yana zaman makoki a unguwar Djidjolé, ba dama ya ɗaga waya ya yi magana. Ya rubuta kalma biyu.

"Ba kowa."

Da da baki aka faɗa, ko yaron goye zai ji bambancin, domin "ba" ta babu daban take fita da "ba" ta bayarwa. Rubutu bai san wannan ba. Sagiru ya saba da umarnin Alhaji, ba wane kaza, ba wane kaza, ga kuma rantsuwar da ya sha ji. Ya ce a ransa ranar ta zo ke nan. Ya buɗe izinin duka uku ga duk mai shiga na'urar, har yana jin daɗin za a yi adalci da hannunsa.

Laraba da hantsi Alhaji ya kira shi kan wata takarda. Sagiru yana ofis, ya shaida masa cewa ya cika umarni, ya ba kowa.



"Ka ba wa?"

"Kowa, Alhaji. Yadda ka rubuta."

"Babu kowa na ce, ɗan nan. Babu."

Sagiru bai kashe wayar ba ya buɗe rajistar na'urar, inda take rubuta duk wanda ya taɓa wani abu. Ƙarfe goma da minti huɗu, Abdoul ya buɗe muryar. Goma da sha ɗaya, ya sake buɗewa. Goma da sha tara, ya goge ta. Na'urar ba ta hana shi ba, tunda an ce mata shi ma mai gida ne. Agogo ya nuna sha ɗaya saura kwata.

Ya kira Tasi'u, ba a ɗauka ba, mahauci ba ya taɓa waya da hannun jini. Ya tare zemijan, ɗan acaɓar Lome, ya ce kasuwar Agoè-Assiyéyé, ya yi ta dukan kafaɗar mai babur har mutumin ya zage shi da yaren Mina.

Tun daga bakin layin mahauta ya ga mutane sun yi da'ira, irin wadda ake yi wa mai wasa da kura. Teburin Tasi'u a kife, cinyar saniya tana cikin ƙasa. Ƙarti biyu sun banƙare hannuwan dattijon ta baya, Abdoul yana gabansa da sanda mai kan ƙarfe, ba ya ko haki. Yana maimaita maganganun da ya saurara ɗaya bayan ɗaya, kowace magana da bugunta: a haƙarƙari, a gwiwa, a baki. Haƙora biyu suna ƙasa kusa da ma'auni.

"Ka ce da idonka ka gan ni, baba. To, da wanne? Na dama ko na hagu? Kada in zalunci wanda bai gani ba."

Sagiru ya kutsa ya faɗa tsakaninsu. Yana ta faɗin cewa kuskure ne, laifinsa ne, kamar wani ya tambaye shi. Abdoul ya dube shi da fara'a ta gaske.

"Injiniya. Ai kai ya kamata in fara yi wa godiya."

Sandar ta sauka a hannun da Sagiru ya ɗaga, ya ji ƙashin ya ce ƙas kafin zafin ya iso. Wani ya shure shi a ciki, ya dunƙule cikin ruwan wankin nama. Daga nan ƙasa ya ga bugu na ƙarshe, wanda ya sami Tasi'u a bayan kunne. Mahauta sama da goma ne a layin, kowanne da wuƙa a hannu, kowanne ya tuna yana da 'ya'ya. Wata mai sayar da barkono ce kawai ta yi kururuwa ta jefi Abdoul da kwano. Abdoul da ƙartinsa suka fita a hankali, jama'a na buɗe musu hanya.

Mai zemijan ɗin bai tafi ba. Aka ɗora Tasi'u a tsakiya za a kai shi asibiti, Sagiru a baya yana tallafe da shi da hannu ɗaya, ɗayan yana reto. Jini na bin wuyan rigarsa, ɗumi kamar ruwan wanka. Suna barin kasuwa dattijon ya motsa baki, Sagiru ya kai kunne.

"Muryar tawa tana nan wurin Alhaji?"

"Tana nan, Kawu. A kulle."

Tasi'u ya gyaɗa kai, ko kuwa ramin hanya ne ya gyaɗa masa. Wajen unguwar Cacavéli jikin ya yi nauyi, kan ya koma baya ya kwanta a kafaɗar Sagiru. Mai babur ya ji sauyin a bayansa. Ya rage gudu, ya gangara gefen titi, ya tambaya da Faransanci, ba tare da ya waiwayo ba, ko har yanzu asibitin za su.

Sagiru ya daɗe yana lalube a wuyan dattijon da yatsun hannunsa mai lafiya. Sannan ya ce a juya gida, Zongo.