Ledar Jini ta Biyu

Likitan mata yakan zo Zuru ranar Alhamis, sau ɗaya cikin sati biyu, daga Birnin Kebbi. Ƙarfe biyu na yi direbansa zai tada mota, don ba ya son yamma ta same su a hanya. Masu cikin da ke da matsala kaɗai yake gani, irin masu hawan jini da ciwon suga da waɗanda aka taɓa yi wa aiki. Matata Leah tana cikinsu. Cikinta na farko ya kai wata takwas, jininta ya hau, ta yi jijjiga, yaron ya zo ba rai. Wannan karon tun wata na biyar muke zarya.

Ran nan mun iso tun bakwai a kan babur ɗina. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga, sai dai ta taka rabinsa. Sista Maijidda, mai riƙe da katunan mata, ta auna jininta, ta dubi na'urar, ta sake aunawa.

"Maigida, ina takardar jini?"

Na miƙa mata.

"Leda ɗaya ce a nan. Biyu likita ya ce. Ba zai sa ranar aiki ba sai ya ga biyu a ajiye, saboda irin nata yakan zo da zubar jini."

"Ni na ba da wancan satin. A sake ɗiba."

"Sai bayan wata uku. So kake mu kwantar da kai ma?"

Na san da maganar leda ta biyun. Na ce gobe, na ce jibi, kabu-kabu ya cinye kwanakin. Yanzu in likita ya tafi bai sa rana ba, sai wani sati biyun. Wancan karon ma a tsakanin awo da awo abin ya same mu.

Leah ba ta yi mini faɗa ba. Ta jingina kai da bango ta ce, "Je ka, Philip. Dama ba ka iya zama."

Ƙauyenmu Manga na nufa. Mu bakwai muka yi golmo tare, shekara da shekaru muna bin gonakin surukan juna muna nomewa kafin a ba kowa matarsa. Gonar baban Leah da hannayensu aka nome ta. Na san ranar suna gayya a gonar surukin Gabriel, babbanmu. Na same su a gindin ɗorawa, tulun burkutu a tsakiya. Ban gama bayani ba suka ajiye fartanyu.

"Ku tsaya," in ji Gabriel. "Jini za mu bayar, ba za mu je haka ba. A ƙarasa tulun nan, jiki ya cika."

Aka zagaya da ƙwarya sau biyu. Ina tsaye ina kallo, ni ma a raina dabara ce. Tun muna yara muke jin cewa burkutu na ƙara jini.

Sila kaɗai bai sha ba. Tun da ya shiga ƙungiyar mawaƙan coci ya daina, kunu yake zuwa da shi a gora. Siriri ne, haƙarƙarinsa a waje.

"Fasto, kai tsaya ka tsare fartanyu," in ji Gabriel. "In aka ɗebi leda guda a jikinka, sai dai mu naɗe ka mu sa a aljihu."

Mu shida muka koma a babur biyu, laka har gwiwa. Mai ɗibar jini, wani dattijo bakabe mai tabarau, ya jawo hannun Gabriel, sai ya tsaya ya ɗaga hanci.

"Mi kunka sha?"

"Abin gayya ne kawai, Malam. Mun ƙara kaɗan don jinin ya yi yawa."

Dattijon ya cire tabarau ya goge ido. "Duka ku biyar?"

"Ai abinci ne," in ji wani daga baya.

"Ku dawo gobe. Yau ba ni taɓa ko ɗayanku."

Gabriel ya fara roƙo, yana cewa jininsa ya fi na bijimin sa ƙarfi. Ban tsaya ji ba. Agogon bango ya nuna sha biyu da rabi. Na leƙa wajen benci. Mata sun ragu, Leah tana ta barin na bayanta su shiga. Ta dube ni, na kauda kai na fita.

An fara yayyafi kafin in kai Manga. Sila yana zaune a gindin ɗorawar ya rufe fartanyu da buhu.

"Kai kaɗai ka rage," na ce.

"Ka san ni da allura, ɗan'uwa."

"Na sani."

Ya ƙarasa kununsa, ya ɗaura gorar a ƙugu, ya hau. Sau biyu muka sauka muka tura babur a cikin laka. Duk hanya yana riƙe da kafaɗata.

Ɗaya da rabi ta wuce muka shiga. Dattijon ya sa shi a sikeli, ya soki yatsansa, ya daɗe yana duba sakamako.

"Ya isa. Da ƙyar."

Sila ya kwanta ya rufe ido, yana rera wata waƙar coci ƙasa-ƙasa. Su Gabriel sun taru a taga.

"Malam, duba da kyau, kada kunu ne ke fita."

"Ka ji masu jinin ƙarfi," in ji Sila, idonsa a rufe. "Ga su can a taga."

Ledar ta cika a hankali, kamar ba za ta cika ba. Da dattijon ya buga hatimi na fizgi takardar na ruga. A tsakar asibiti direban likita yana goge gilashin mota. Leah kaɗai ta rage a benci. Sista Maijidda ta karɓi takardar ba ta dube ni ba, ta kama hannun Leah suka shiga.

Ba a daɗe ba Sista ta leƙo. "Talata likita zai dawo musamman a yi aikin. Amma ba za ta koma gida ba, yau za mu ba ta gado, jinin ya hau da yawa. Ka kawo mata zannuwa da bokiti."

Aka fito da Leah a keken marasa lafiya, silifanta a cinya. Ta miƙo mini su.

"Ka ci abinci?"

"Zan ci."

"Ka fara mai da Sila gida."

Na ce to. Su Gabriel sun riga sun kama hanyar gona, gayyar ba ta ƙare ba. Sila yana zaune a baranda da auduga a hannu, ya ce in ba shi minti goma jiri ya sake shi. Na zauna a gefensa da silifan Leah a hannu. Motar likita ta fita ta ƙofa, ruwan ya ƙara ƙarfi, muka zauna muna jira ya tsagaita.