Jan Layi a Jikin Gwangwani

Ma'aikaciyar jinya ta ɗora 'yata a kan sikeli, ta sauke, ta sake ɗorawa. Allurar sikelin tana nan inda ta tsaya watan jiya.

Ta tambayi abin da nake ba ta tun da uwarta ta rasu wurin haihuwa. Na miƙa gwangwanin madara, har da yi mata lacca kan kitsen nonon saniya da man kifin da aka rubuta a jiki. Ba ta kalli rubutun ba. Ta murza garin a yatsu, ta ɗanɗana.

"Malam, babu ko ɗigon maiƙo. Fulawa ce da sukari."

* * *

Tun ranar rasuwa surukata ta ce in kai jaririyar wurin ƙanwar marigayiya, wadda ke goyo, ta haɗa su ta shayar. Na ƙi. Shekara ashirin ina gyaran rubutu a maɗaba'a, na fi yarda da abin da aka buga. Duk gwangwanin da na saya sai na karance shi, na ja layi da jan biro ƙarƙashin sunan kowane kitse. In ya ƙare, in ba wata tsohuwa mai bi gida-gida tana tara gwangwanaye, ta yi ta shi mini albarka.

* * *

Mai kantin da nake sayen madarar a wurinsa ya rantse har da dafa ƙirji, wai a kwali suke zuwa, shi ma yana da 'ya'ya. Ya ɗauko sabo, bakinsa a liƙe, ya ce in duba da kaina, ai ni ne alaramman gwangwani.

Na juya bayansa. Ga jan layi ƙarƙashin man kifi, ya ɗan karkace a ƙarshe, yadda hannuna ke yi.

Na nuna masa. Ya leƙa, ya ce ko in zaɓi wani.

* * *

Surukata ta karɓi yarinyar, ta jinjina ta a hannu, ta ji rashin nauyin. Na so ta zage ni.

"Ka gama karatun?" kawai ta ce, ta shige da ita ɗakin ƙanwar.

Na zauna a bakin ƙofa, biro a aljihu. Ta bayan labule ina jin 'yata tana haɗiya da sauri, har tana ƙwarewa.