Layukan da Munzali Ya Goge

Munzali da Ja'afaru sun gama karatun kwamfuta tare a Kano, suka dawo Rano suka kama shago kusa da tasha. Sana'arsu haɗa ƙananan akwatunan da ke kula da injin rijiyar burtsatse mai amfani da sola. Akwatin ne ke kunna injin, shi ne kuma ke kashe shi idan ruwa ya ja baya. Ja'afaru ne ya rubuta mafi yawan zuciyar manhajar, wato ɓangaren da ke raba aiki tsakanin sassan na'urar. Yana aiki da kyau, amma a cakuɗe yake, abin da ya daɗe yana ba Munzali haushi.

Da Ja'afaru ya yi hatsarin babur ya kwanta jinyar karaya a gidansu da ke Kibiya, sai Munzali ya samu sararin gyara tsarin manhajar. Akwatunan nasu ƙwaƙwalwa iri biyu gare su, tsohuwa da sabuwa, don haka ya ware wa kowacce folda tata, wato ma'ajin shirye-shiryenta a kwamfuta. Ƙananan shirye-shiryen da ke magana da injin da batir da na'urar auna ruwa, waɗanda suke kira direbobi, ya tattara su wuri guda. A cikin direban auna ruwa ya tarar da wasu layuka da ke sa na'urar ta ɗan jira kafin ta karanta, babu bayanin dalili. Ya ɗauka ragowar gwaji ne, ya goge. Ya jarraba a akwatin shago, komai lafiya. Da ya je zagaye ƙauyen Nariya ya ɗora sabon tsarin a akwatinsu.

Ana tsakiyar zafin bazara aka kira shi, injin Nariya ya ƙone.

Ya tarar da mata da jarkoki sun nufi rafi mai nisa, shanun makiyaya na tsaye bakin busasshen kwami. Mai unguwa da jama'a sun kewaye Malam Alu, dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin injin.

"Kai ka bar shi yana ta juyi babu ruwa," in ji mai unguwa. "Har an ce a kai ka wajen 'yan Hisba, ni na hana."

"Wallahi ban taɓa komai ba, ranka ya daɗe," in ji Malam Alu.

Munzali ya buɗe akwatin. Ya ga tsohuwar ƙwaƙwalwa ce a ciki. Ta akwatin shago kuwa sabuwa ce. Nan take ya gane: tsohuwar ba ta da sauri, idan ba a jira ta ba kullum za ta ce akwai ruwa.

"Injiniya, me ka gani?" mai unguwa ya tambaya.

"Sai na bincika tukuna," ya ce, bai ɗaga kai ba. A gabansa aka karɓe makullin daga hannun dattijon.

Abinci ya daina shiga masa. Ko alwala ya zo yi, ya ga ruwa a buta, sai fuskar Malam Alu ta faɗo masa. Daga ƙarshe ya ɗauki kwamfutarsa ya tafi Kibiya. Ja'afaru na kishingiɗe a zaure, ƙafa a ɗaure. Da Munzali ya ba shi labari, ya daɗe yana duba foldojin.

"Tsarin ya yi kyau," ya ce. "Layukan nan a foldar tsohuwar ƙwaƙwalwa ya kamata su zauna. Ni ma ya kamata a ce na rubuta dalilinsu a gefe. Amma mutumina, ga waya a hannunka, me ya hana ka tambaye ni?"

"So na yi ka dawo ka ga na gyara."

"Su mutanen Nariya sun sani?"

Munzali ya girgiza kai.

"To manhaja yanzu za mu gyara ta," in ji Ja'afaru. " Faɗa musu kuwa ba zan iya yi maka ba."

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Munzali ya tsaya gaban jama'ar Nariya ya faɗi abin da ya faru, har da cewa ya sani tun ranar farko. Wasu suka yi ta faɗa. Mai unguwa ya miƙa wa Malam Alu makullin yana ba shi haƙuri.

"Na yafe," in ji dattijon. "Amma ku ba wani makullin. Jikokina sun ji abin da aka faɗa a kaina."

Munzali ya bi shi har ƙofar gida. Malam Alu ya juyo ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, ɗana," ya shige.

Ja'afaru da Munzali suka haɗa sabon injin kafin damina, ruwa ya dawo. Duk zuwan da Munzali ya yi Nariya bayan haka yakan tsaya ya gaida Malam Alu, shi kuma yakan amsa da mutunci. Amma dattijon bai sake taka ɗakin injin ba.