Abin da Ya Toshe Motar Seu Aluísio

Ni dai ba na shiga harkar mutane. Tagata ce ke kallon garejin Seu Aluísio, kuma wa zai rufe taga da zafin nan na garinmu Belém?

Seu Aluísio tsohon mai aski ne. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ta bar shi da tumbi da wata jar mota mai kujera biyu, irin ta tsere, gajeruwa kamar an zauna a kanta. Motar ta girmi duk 'ya'yansa. Ranar Lahadi ya samu ya ɗauki Dona Zuleide, mai sayar da romon jatan lande a bakin layinmu, wadda ya daɗe yana zagayawa bakinsa ya kasa buɗewa. Ruwan la'asar ya kama su a hanya. Ta fito riƙe da takalminta yana ɗiga, ta ce masa a gaban kowa ita ba kwale-kwale ta yarda ta hau ba. In motar ba ta daina yoyo ba kafin rawar ranar Asabar, mai kantin magani ya yi mata tayin kai ta, kuma motarsa a bushe take.

Washegari ya kira Bené bakanike, ɗan ƙanwata. Na sauko da kofi, don taimako kawai.

Bené ya ɗaga kafet ya sunsuna. "Seu Aluísio, kifi kake kiwo a nan?"

"Yi aikinka, ɗan banza. Ni na yi maka askin farko, kuka ka yi har da fitsari."

Bené ya ce ruwa munafuki ne, inda ya ɗiga ba nan ya shiga ba. Wai sai wani ya zauna ciki da tocila, shi kuma ya riƙa zuba ruwa da tiyo daga ƙasa yana hawa sama a hankali. Mai motar ya gwada leƙa ƙarƙashin sitiyari, tumbi ya ce bai san zancen ba.

"Inna Cotinha, ke ce daidai," in ji Bené. "Ba abin da ke wuce idonki a unguwar nan."

Na harare shi, amma na shiga. Ya karɓi hodata ya barbaɗa a robar ƙofa, wai duk inda ruwa ya bi zai bar sawu. Ya rufe ni. Ya zuba a gindin ƙofa, shiru. Ya hau gilashin gefe, sai ga ɗan siririn layi a cikin hodar. Ya ce robar ta bushe, zai canza ta, amma wannan ko kiyashi ba zai jiƙa ba. Ya zuba a rufi, ba komai.

Ana cikin haka sai ga Zuleide ta tsaya a bakin gareji, hannu a ƙugu. Yadda ta ji labari ban sani ba. Ni dai da safe na biya na ce mata kada ta zo.

Bené ya kai tiyo gindin gilashin gaba, wurin ragar da iska ke shiga. Kafin in ce me, ruwa ya zubo min a ƙafa shaa.

"Tsaya! Wayyo ƙafata! Bené, ruwan kore ne, kuma ƙamshi yake!"

Na ga Seu Aluísio ya fara goge wuya da hankici.

Bené ya kwance ragar ya zura hannu. Ya zaro ruɓaɓɓen ganye, ya zaro saiwa, ya zaro ɗauri bayan ɗauri, kowanne da jan zare. Ba macen da ba ta san wannan haɗi ba. Matan kasuwar bakin kogi ke sayar da shi, na janyo zuciyar wanda kake so. Jiƙawa ake yi a yi wanka da shi. Shi kuwa bawan Allah nan ya cusa shi cikin ragar, ya ruɓe, ya toshe ramin da ruwa ke bi ya fita ƙasa. Da wurin ya cika, sai ya malalo ciki.

Zuleide ta ɗaga ɗauri ɗaya da yatsa biyu. "Aluísio, wannan na wa ne?"

"Na... na sauro ne."

"Sauro da jan zare?" na ce ta taga.

Ya sunkuyar da kai. "Mai ganyen ta ce sai ƙamshin ya taɓa jikinki. To, ai ba zan zo in ce miki ki yi wanka ba. Na ce in na kunna fanka, iska ta kai miki."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Ba ki hau ba, na yi ta ƙarawa."

Zuleide ta yi dariya har ta dafa bonet, hawaye na zuba. Shi kuwa ya yi tsuru, bai san ko dariyar tasa ce ko ta mai kantin magani ba.

Bené ya zura wayar ƙarfe ya buɗe ramin, baƙin ruwa ya tsiyaye ƙarƙashin mota. Ya ce a sake gwadawa.

"Fito, Cotinha," in ji Zuleide. "Ke in kin ga ɗigo cewa za ki yi kogi. Da ƙafata zan shaida."

Ta shiga ta zauna, ta miƙe ƙafa. Bené ya yi wa motar wanka gaba da baya, sama da ƙasa, har layi ya yi taɓo. Sannan ta sauke gilashi, ta miƙo takalmi ɗaya waje. A bushe ƙarau.

"Ranar Asabar ka zo ana tsakiyar ruwa, mu gani," ta ce. "Kuma abin da ke ranka ka faɗa da baki, tsoho. Ni ba da hanci nake jin magana ba."

Seu Aluísio ya yi ta gyaɗa kai yana washe haƙora. Bené ya shagala da kallo ya karkata tiyo, ruwa na ta cika takalmin tsohon, ko a jikinsa.